Harbin Da Isyaku Ya Ɓoye

Duk wanda ya saba shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san Isyaku mai igiya, ko da bai taɓa jin sunansa ba. A gindin wata darbejiya yake zama, daf da inda manyan motoci ke juyo da baya su ɗauki kaya. Igiyoyinsa na jere a kan buhu, na rama gefe guda, na roba gefe guda, kowace an naɗe ta tsaf kamar gammo. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana. Idan zai zauna sai ya karkace ta hagu ya miƙe ƙafar dama, idan zai tashi sai ya dafa ƙasa tukuna. Samarin da ke lodi yanzu sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, don kaɗan ya ɗara hamsin. Abin da ya karkatar da zamansa ya same shi ne tun yana ji da ƙarfinsa, a wannan filin, ba nisa da inda yake shimfiɗa buhunsa.

A Kausani aka haife shi. Shi ne ɗan fari a wurin uwarsa Kande, saboda haka har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan yaron" take cewa, ko da yana tsaye a gabanta. Ubansa manomi ne, ya rasu tun Isyaku bai gama tasawa ba, ya bar musu gona ɗaya mai rairayi wadda ba ta ciyar da gida shekara. Da rani sai Isyaku ya fara bin wani ɗan unguwarsu mai suna Halliru zuwa Wudil. Halliru ya girme shi sosai, kuma a lokacin shi ne babba a cikin masu lodin shanu.

Wudil ta wancan lokaci ba wannan ba ce. Babura ba su cika gari ba, ɗalibai ba su zo ba tukuna. Tun daga yammacin Alhamis mutum zai tsaya a kan gada ya hango garkuna suna gangarowa bakin kogi a ƙafa, farare da jajaye masu dogon ƙaho, makiyaya na biye da sanduna a wuya, masunta na janye jiragensu gefe suna mita. Washegari a yi ciniki, kafin la'asar masu lodi sun fara ɗora shanun a mota zuwa kudu.

Lodi aiki ne mai ƙa'ida. Akwai tudun ƙasa da aka tara, mota ta kafa bayanta a jikinsa. Mutum biyu su ja igiyar ƙaho daga gaba, ɗaya ya tsaya a baya ya kama jela ya murɗa, domin sa ba ya hawa mota da son ransa. Na baya shi ne a bakin haɗari, kuma nan Halliru ya fara ajiye Isyaku.

"Ka manne masa," in ji shi. "Rungume shi kamar ɗan'uwanka ne ya dawo daga Makka. In ka manne, ko ya ɗaga ƙafa ture ka kawai zai yi. In ka ja baya, to kai ka ba shi filin da zai auna ka."

Akwai wata ƙa'idar kuma wadda ba wanda ya koya masa, da ido ya gan ta. Wanda sa ya kayar, tashi yake yana dariya ya koma kan jela. Wanda ya zauna yana riƙe da ciki, ko ya bari aka ɗauke shi, ya sami sunan da zai bi shi. Akwai wani dattijo a karar, gemunsa fari fat, jikokinsa ke kawo masa abinci, amma Amarya ake kiransa, saboda wata rana yana saurayi bijimi ya buge shi ya nemi a kawo masa ruwan zafi. Ranar da ya rasu aka yi sanarwa da sunansa na yanka, sai da mutane suka riƙa tambayar juna wane ne.

A shekarar da aka buɗe jami'ar Wudil aka sa wa Isyaku rana da Safara'u, 'yar wani manomi a Lajawa. A kasuwa ya fara ganinta, ta rako innarta sayar da man gyaɗa. Budurwa ce mai hankali, mai saurin dariya, kuma ita ta fara tsokanarsa, ta ce tun kafin ya iso ta san ɗan kara ne, don warin shanu ya riga shi sallama. Suka so juna, iyaye suka yarda, aka ce sai bayan kaka.

Biki ya matso, wata Juma'a aka kawo wani jan bijimi daga gabas wanda ya kafe a gindin tudun ya ƙi hawa. Isyaku ne a jela. Ana cikin fama sai wani abokin aiki ya ƙwalla daga ƙasa:

"Ango, rage ƙarfin nan, a gaba za a neme shi!"

Isyaku ya waiwaya yana dariya zai rama, bai san ya ja baya ba. Bijimin ya harba. Kofaton bai sami ciki ba, bai sami cinya ba. Tsakanin ƙafafu ya same shi, a maraina.

Duniya ta yi masa fari. Numfashinsa ya ɗauke, ciwon ya haura ta mara har cikin ƙugu, amai ya taso masa. Ya durƙusa a kan tudun. A nan ya ji filin ya yi tsit, irin shirun da ake yi kafin a raɗa wa mutum suna. Amma ba sunan ne kaɗai ya faɗo masa ba. Maganar da aka yi a karar Wudil ba ta kwana sai ta isa Lajawa. Idan iyayen Safara'u suka ji inda aka harbi angon 'yarsu, ba wanda zai zarge su in suka ce a dakata. Sai ya haɗiye aman, ya dafa gwiwa ya miƙe.

Halliru ya ce, "Ina ya same ka?"

"Cinya ce, Yaya. Shafa ta kawai ya yi."

"To ka gode Allah. Da ya ɗan haura sama, da sai mu ɗauki goro mu je Lajawa ba da haƙuri."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya koma ya kama jelar, bijimin ya hau.

Da a nan aikin ranar ya ƙare, wataƙila da labarin ya sauya. Amma a cikin masu lodi ake fitar da 'yan rakiya, waɗanda ke zama a kan katako saman shanu har Legas, domin idan wani ya faɗi a hanya su sauka su tashe shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi. A wannan makon layi a kan Isyaku yake, kuma wanda aka shafi cinyarsa ba shi da hujjar cewa ba zai je ba. Asibiti na nan cikin gari, da ƙafa ma ana zuwa. Isyaku ya hau katako.

Kafin su wuce Zariya wurin ya kumbura har wando ya matse shi. Da suka tsaya shan mai ya zaga bayan wani gini ya duba, ya ga ya yi baƙi kamar an shafa shuni. Ya sayi ƙwayar ciwon jiki a wurin wani mai talla, ya yagi gefen rawaninsa ya ɗaure. Duk ramin da motar ta faɗa, a nan yake jin sa. Sau da yawa ya sauka cikin shanun ya ɗaga wanda ya durƙushe, gumi na zuba, haƙoransa a cije. Ya dawo Kausani da zazzaɓi, ya ce wa uwarsa sauron kudu ne. Kullum da safe ya shiga banɗaki da ruwan zafi ya gasa wurin, ba wanda ya sani.

A hankali kumburin ya saɓe, amma bai tafi shi kaɗai ba. Ɗan maraina na dama ya riƙa shanyewa har ya koma kamar ƙwallon dabino. Na hagu bai ƙanƙance sosai ba, sai dai ya yi tauri a gefe guda, kuma yana suka duk lokacin da Isyaku ya ɗaga abu mai nauyi. Ya ce wa kansa ai shi ya sa Allah ya yi su biyu. Aka ɗaura aure, aka kawo amarya, ya ga bai gaza ba a abin da ke tsakanin miji da mata, sai hankalinsa ya kwanta.

Safara'u ta gyara gidan. Tana soya ƙuli-ƙuli tana matse mai, tana kiwon 'yan kaji, tana yi wa Kande kitso a ƙarƙashin rumfa suna hira kamar uwa da 'ya. Shekarar farko ba wanda ya ce komai. A ta biyu Kande ta fara kallon cikinta idan ta sunkuya shara. Daga nan aka fara kawo magani.

A ƙasarmu idan ɗaki ya daɗe ba a ji kukan jariri ba, mace ake kallo. Ba a tambayar namiji, don tambayar ma zagi ce. Safara'u ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, an turara ta da hayaƙi har idanunta suka yi ja, an hana ta tsami wata shekara, wata shekarar an ce tsamin za ta sha. Akwai wata 'yar tukunya da aka ajiye mata a bayan randa, kullum da jiƙon sassaƙe a ciki, mai ɗacin da ko akuya ba ta kusantarsa. Da safe za ta ɗebo a moɗa, ta toshe hanci ta shanye, ta girgiza kai, sannan ta miƙo masa moɗar.

"Malam, ɗanɗana mana, ka ji abin da ake sha dominka."

Shi kuma ya yi murmushi, ya sa takalmi ya fita.

A gidajen suna wurin tukwane ake tura ta. Idan ta ɗauki jariri ba a barinsa ya daɗe a hannunta. Kalmar juya ba a faɗa mata a fuska ba, amma ta ji ta ta bayan zana. Dariyarta ta ragu. Kande ta matsa wa ɗanta ya ƙara aure, ya ƙi, ta aiko masa dattawa, ya ƙi. Mutanen gari suka riƙa yabonsa, suna cewa irin haƙurin Isyaku da riƙon amanarsa sai an tona. Babu abin da ke ƙona shi kamar wannan yabon. Shi ya san dalilinsa: ɗaki ɗaya shiru laifin mace ne, amma ɗaki biyu shiru, kowa zai juyo ya kalli maigida.

Jikinsa ma bai bar shi ya manta ba. Ƙarfinsa ya riƙa raguwa tun bai kai shekarun raguwar ba, kasala ta kama shi, ya bar jela ya koma jan igiyar gaba. Auren ya doshi shekara goma lokacin da wata rana ya taya ɗaga wata saniya da ta faɗi, sukar ta taso masa ta ƙi kwanciya. Ya ce wa mutanen gida za shi Kano sayen igiya, ya nufi wani babban asibiti inda ba wanda ya san fuskarsa.

Likitan da ya gan shi matashi ne, mai magana a hankali. Ya duba shi, ya tura shi hoto, ya sa aka gwada maniyyinsa, bayan wani lokaci aka sake gwadawa. Ranar da Isyaku ya koma jin sakamako, likitan ya ce:

"Malam Isyaku, yaushe wannan bugun ya same ka?"

"Ya daɗe, likita."

"Ya daɗe kamar watanni?"

"Tun kafin aurena."

Likitan ya ajiye biro. Ya yi masa bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce bugu mai ƙarfi yana iya fasa fatar da ta lulluɓe ɗan maraina, jini ya taru ya danne shi. Idan aka zo asibiti a kwanakin farko, sau da yawa ana yin aiki a kwashe jinin a ɗinke, a ceto shi. Idan aka bari, yakan shanye. Ya ce guda ɗaya mai lafiya yakan ishi mutum ya haihu, amma shi nasa bugun duka biyun ya samu, kuma a gwajin ba a ga ƙwayoyin haihuwa ba sai 'yan kaɗan waɗanda ba sa motsi. Kasalar ma daga nan take, don maraina ne ke samar da sinadarin da ke riƙe ƙarfin namiji.

"Ciwon da kasalar akwai abin da za mu yi a kai. Haihuwa ta Allah ce, amma ni ba zan yi maka alkawarin da ban gani ba. Ita matarka an taɓa duba ta?"

"Tana shan magani."

"Maganin me?"

Isyaku ya kalli ƙasa.

"Ka faɗa mata," in ji likitan. "Ko ka kawo ta ni in faɗa mata a gabanka. Haƙƙinta ne."

Kafin ya hau motar Wudil sai da ya biya kasuwa ya sayi igiyar, don kada maganarsa ta zama ƙarya gaba ɗaya. Ya dawo gida ya yi shiru. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai, kullum yana cewa gobe. Kullum da safe moɗar na cika tana ƙarewa.

Kande ce ta kawo ƙarshen shirun ba tare da ta sani ba. Ta dawo daga wata unguwa da labarin cewa an gano matsalar: gishiri ne ya toshe yarinyar, kuma akwai wani tsohon wanzami da hannunsa ke da sa'a a kan yankansa. Yankan gishiri tsohuwar al'ada ce, aska ake sawa a tsaga gaban mace da sunan buɗe hanya. Wasu sun zubar da jini har sun galabaita, wasu an bar su da yoyon fitsari. Isyaku ya san wata a Kausani da aka yi wa, wadda tun daga lokacin ba ta sake zama a tabarma ɗaya da mutane ba.

Safara'u ma ta san ta. Duk da haka ta ce, "Inna, in dai za a dace, a yi."

A jajibirin ranar da aka sa wa wanzamin ta wanke kayanta duka, ta share ɗaki, ta kai wa maƙwabciya kajinta ta ce ta duba mata su. Isyaku yana kallo. Da gari ya waye wanzamin ya iso da zabirarsa a rataye, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kande ta ɗora ruwa a murhu. Isyaku ya sa takalmi kamar kullum, ya zo zai fita ta zauren, ya tarar tsohon ya fito da askar yana wasa ta a kan fata, a hankali, gaba da baya. Ya tsaya. Ƙafarsa ta ƙi ƙetare dokin ƙofa.

Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, sannan ya ce:

"Baba, a yi haƙuri da wahalar da aka sha. A mayar da askar. Babu aiki a gidan nan."

"Uwarka ce ta kira ni, yaro."

"Na sani. Ni ne maigidan, kuma na ce babu."

Tsohon ya dube shi, ya naɗe fatarsa, ya tashi. Kande ta jiyo, ta fito tsakar gida da muciya a hannu.

"Wancan yaron, me ka ce wa bawan Allahn nan?"

Isyaku ya shigo ya tsuguna a gabanta, kansa a ƙasa. Safara'u na tsaye a ƙofar ɗaki da ɗaurin ƙirji, ta shirya.

"Inna, ba ita ba ce. Ni ne."

"Kai ne me?"

Sai ya faɗa. Ya faɗi jan bijimin, da inda kofaton ya sauka, da tafiyar Legas, da abin da likita ya gani. Ya kira wurin da sunansa, abin da ɗa ba ya yi a gaban uwarsa. Kande ta saki muciyar ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Rufe mini baki! Wa ya taɓa jin ɗa ya tsuguna ya faɗa wa uwarsa wannan? Kunyar ma ta ƙare a duniya?"

"Gara ki ji kunyata, Inna, da a sa mata aska a kan abin da ba nata ba."

Safara'u ba ta yi kuka ba. Ta zaga bayan randa ta ɗauko 'yar tukunyar, ta kai gindin katanga ta tuttular da jiƙon, ta wanke tukunyar ciki da waje ta kife. Sannan ta dawo ta tsaya a kansa.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Kafin damina likita ya faɗa mini."

"Ba likita na tambaye ka ba."

Ya ce, "Tun kafin a kawo ki na san akwai abin da ya lalace. Ban tabbatar ba, kuma ban so in tabbatar ba."

"Kana kallona ina sha."

"Ina kallonki."

"Har miƙo maka nake yi."

Ruwan da ke kan murhu ya tafasa ya yi ta zuba a wuta, ba wanda ya sauke shi.

Ba ta tafi a ranar ba. Ta ci gaba da girki da shara, tana kai wa Kande abinci, Kande kuwa ba ta iya haɗa ido da ita. Isyaku ya je ya sami Halliru ya faɗa masa komai. Halliru ya riƙe haɓa.

"Cinya, ka ce mini. Ni kuma na yi dariya na ɗora ka a mota." Ya girgiza kai. "To ji nan. Abin da ya wuce ya wuce. Ka lallashe ta ta zauna, a bar maganar a cikin gida, mutane su ci gaba da cewa Allah ne bai kawo ba. Amma in ta fita ta haihu a wani gidan, ba sai ka buɗe baki ba. Goyon da ke bayanta shi zai yi shela, daga Lajawa har tudun lodi."

"Na sani, Yaya."

"Ka san bakin 'yan kara."

"Da shi na girma."

Bayan an gama girbi, wata rana da hantsi Safara'u ta kawo masa fura, ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, ban ƙi ka ba. Da tun farko ka faɗa mini, ban san abin da zan zaɓa ba, wataƙila da na zauna. Amma ba ka bar ni na zaɓa ba. Yanzu ina so in goya nawa, tun lokaci bai ƙure mini ba."

Ya ce, "Kin yi gaskiya."

Ya sauwaƙe mata. Amma ya san sakin kaɗai bai isa ba, domin macen da ta fito daga gidan miji bayan shekaru babu ɗa, da sunan juya take fitowa, kuma masu neman aure ba sa layi a ƙofar juya. Saboda haka bai aika kowa ba, da kansa ya je Lajawa. Ya zauna a zauren surukinsa, a gaban uban da ƙannen uban, ya maimaita abin da ya faɗa wa uwarsa.

"Baba, duk wanda ya zo nemanta a faɗa masa lafiyarta ƙalau. In bai yarda ba a turo shi Wudil, ni zan faɗa masa da bakina."

Uban ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Ka cuce ta, Isyaku. Amma ba kowa ne zai tako ya faɗi haka ba. Allah ya yafe mana."

Ba a daɗe ba bayan ta gama idda wani tela mai suna Tasi'u, wanda matarsa ta rasu, ya aure ta. Shi kuwa Isyaku likita ya hana shi ɗaukar nauyi, sai ya bar lodi ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya fara da igiyar nan da ya sayo a Kano.

Shekara ta zagayo da ɗoriya. Wata Juma'a sai ga Tasi'u ya ratso ta wajen masu lodi yana janye da farin rago da wani guntun tsumma, don duk wanda ya sayi dabba a kasuwar sai ya nemi igiya. Ba lokacin layya ba ne, kuma kowa ya san tela ba ya sayen rago haka kawai. Sai da ya iso gaban buhun ya gane wanda ke zaune. Ya yi turus, kamar zai juya. Masu lodi suka saki abin da suke yi. Filin ya yi tsit, irin shirun da Isyaku ya taɓa ji yana durƙushe a kan tudu.

Isyaku ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ba shi hannu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har gida da aiki da gajiya.

"Na suna ne?"

"Na suna ne," in ji Tasi'u, muryarsa ƙasa-ƙasa. "An sami mace."

"Mai jego fa?"

"Lafiya lau take."

"Alhamdu lillahi."

Ya kama ragon ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa bayansa, ya ce ya isa yanka, ba a cuce shi ba. Ya zaɓo igiyar rama mai laushi, ya kwance tsumman, ya yi ƙullin da ba ya shaƙe wuya, ya miƙa wa Tasi'u bakin igiyar.

"Allah ya raya ta. A ce mata ina barka."

Kafin la'asar babu wanda bai ji ba a karar. An yi maganar, an kuma yi dariyar, don 'yan kara ba su sauya hali saboda shi ba. Wasu sun gwada raɗa masa suna. Bai amsa ba, bai kuma musa ba, kowace Juma'a ya zo ya shimfiɗa buhunsa, har sunan ya gaji ya faɗi, aka bar shi da mai igiya. Bai sake aure ba. Ya riƙe uwarsa har ta rasu. Safara'u tana Lajawa da 'ya'yanta, babbar har an fara zuwa zance wurinta.

Tudun lodin yana nan, an ƙara masa tsawo saboda motocin yanzu sun fi na da girma. Har yau sa yana harbi, har yau wanda ya faɗi yana tashi da dariya. Idan haka ta faru, Isyaku yakan dafa ƙasa ya miƙe, ya taka a hankali har wurin, ya ja saurayin gefe inda abokansa ba za su ji ba.

"Ina ya same ka?"

"Cinya ce, Baba."

"Na san wannan cinyar. Ga mai babur can, hau mu je asibiti."

Wasu suna hawa. Wasu kuwa sai su zame hannunsu, su waiwayi abokansu, su koma kan jela.